Aron Gwiwa

Valparaíso gari ne da aka jingina da dutse,
gidajenmu a rataye kamar shanya,
teku a ƙasa, mu a can sama,
tsakani kuwa hawa ne mai cin numfashi.

Shekara talatin da ɗaya babana Eleuterio
yana gangarawa da asuba a kan baƙin kekensa,
ya wasa wuƙaƙen masu kifi a bakin ruwa,
ya hawo da yamma, riga sharkaf, yana fito.
Bara gwiwar hagu ta ce ta gaji.
Ta dama ta bi sahun 'yar'uwarta.
Keken ya koma bayan ƙofa,
ya zama maratayin laima da tsohuwar hula.

Ni ce Maite, mai gyaran rediyo da fanka.
Wata bakwai ina tari a gwangwanin shayi,
har kwali ya iso wata ranar Laraba:
gargare mai inji a cibiya, nauyinsa kamar jariri,
batir dogo kamar burodi,
ɗan akwati mai wayoyi kamar hanjin kaza,
da takardar bayani wadda ba ta bayyana komai ba.

Baba ya leƙa, ya taɓe baki.
"Keken da ba a takawa ai ba keke ba ne.
Babur ne mai jin kunya."

Na kife shi a kan teburin girki,
ƙafafu sama, kamar ƙwaron da ya faɗi rigingine.
Bakin ƙarfen gaba ya ƙi karɓar sandar injin,
na ci shi da magagari, kaɗan kaɗan,
garin ƙarfe na zuba kusa da kwanon gishiri.
Ja da ja, baƙi da baƙi.
Dalma ta narke, ta ɗiga mini a babban yatsa.
Fis ɗaya ya ƙone. Na biyu ma ya bi shi.
Doña Fresia ta bugo bango:
"Wai me ke ƙauri a gidan nan?"

Ƙarfe ɗayan dare na murɗa hannu.
Taya ta juya sumul, ko tari babu.
Na daka tsalle.
Sai murya daga bakin ƙofa:
"Da baya take tafiya."

Baba ne, cikin rigar barci, sufana a hannu.
Ashe a juye na saka gargaren.
Bai yi dariya ba, amma gashin bakinsa ya yi.
Ya ja kujera, ya kwance noti biyun,
ya juya, ya ɗaure,
ya bi siraran wayoyin gargare ɗaya bayan ɗaya
yana kaɗa su da farce, kunne a kusa,
yadda yake sauraron bakin wuƙa.
"Birkin nan ba zai riƙe wannan nauyi a gangara ba.
Miƙo mini sabuwar roba."
Muka yi ta yi har jiragen ruwa suka fara kuka.

Ya ɗaure dutsen washi a kariya,
ya karkaɗe hular, ya tafi bai waiwayo ba.
Na wuni rediyon wani a buɗe a gabana,
ko dunƙule ɗaya ban ɗaure ba.

La'asar sakaliya na hango shi a kwanar maƙabarta,
yana taka feda a hankali, cikin isa,
kamar shi kaɗai ke yin aikin.
Kafin ya iso, fitonsa ya riga shi zuwa.

"Sau ɗaya na taɓa abin naki," in ji shi,
"nan wajen gidan mai sayar da kwal."
Na dubi idon batir.
Cikin fitilu biyar, ɗaya ce ta rage, ita ma tana kyaftawa.

Ban ce uffan ba.
Na jona caji, na ɗora ruwan shayi.
Laima dai sai ta nemi wani wurin kwana.